Ranar da Ƙidaya Ta Cika a Unguwar Ɗinya

Ni Talatu, shekara talatin da wani abu ina yanke cibi a Unguwar Ɗinya, nan cikin ƙasar Sabuwa. Rabin mutanen garin nan a hannuna suka fara kuka. Shi ya sa har gobe abin yake ci min rai idan na tuna cewa waɗannan mutane, waɗanda na wanke da hannuna, su ne suka zauna a ƙofar mai unguwa suka ce ƙanena Maharazu infoma ne, wai shi ke kai wa ɓarayin daji labari.

Maharazu fa! Mutumin da ko kaza za a yanka a gidansa sai ya kira maƙwabci.

Bari in faro muku daga famfo, don daga nan abin ya taso. Bara da kaka wata ƙungiya ta zo ta haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Suka ɗora tanki a kan ƙarafa, suka jera kawunan famfo huɗu, suka kafa wani akwatin ƙarfe a gindin tankin. Cikin akwatin akwai batir da wata 'yar na'ura mai koren fitila da ke ƙyaftawa. Suka ce ita ce mai gadin injin. Duk bayan minti ɗaya tana duba ko akwai ruwa a rijiyar, in akwai ta ba injin izini ya ci gaba da jawowa, in babu ta tsayar da shi kada ya ƙone. Suka nemi wanda zai riƙe makulli, gari ya nuna Maharazu, da yake shi ke gyaran rediyo da tocila. Suka shiga motarsu suka tafi. Lambar wayar da suka bari, ko an hau dutsen bayan gari inda ake samun sabis, ba ta taɓa shiga ba.

Famfo ya yi ta aiki lafiya lau, sai wata safiya ya ɗauke ɗif. Kwana huɗu Maharazu yana tsugune gaban akwatin yana kallo. Ran na huɗu haushi ya kama shi, ya zare wayar batir ya mayar, sai ga ruwa. A nan ƙanena ya tafka wautarsa: bai gaya wa kowa abin da ya yi ba. Ya ji daɗi ana ce masa Injiniya. Ko ni da na tambaye shi, murmushi ya yi ya ce, "Yaya, sirrin aiki ne." Da na san inda sirrin zai kai mu, da tun ranar na murɗe masa kunne.

Mutuwar famfon ta biyu ita ta jawo mana bala'i. Ranar wata Lahadi da sassafe Maharazu ya tafi Faskari ta'aziyya, makulli na aljihunsa. Mata suka fito da jarkoki, babu ruwa. Aka lallaɓa da abin da ya rage a tanki, ya ƙare. Ran Litinin mata suka haɗu suka nufi rafi, wanda ke can cikin kurmi, inda rabonmu da zuwa tun kafin a haƙa rijiyar. A can 'yan bindiga suka ɗauke mata biyu. Ɗaya daga cikinsu Hajaratu ce, matar Nasir, shugaban 'yan sa-kai na garinmu.

Maharazu ya dawo ran Talata, ana kiran sallar la'asar. Ina tsaye a wurin da bokitina. Ya buɗe akwati, ya kare da jikinsa, ko minti ɗaya bai yi ba ruwa ya fara zuba a tanki. Na ga yadda maza suka kalli juna. Washegari Nasir ya karɓe makullin, ya sa nasa kwaɗon a akwatin.

Bayan sati uku Allah Ya kuɓutar da matan, suka dawo da ƙafafunsu a kumbure. Ba zan faɗi abin da na gani a jikinsu ba. Amma dawowarsu ba ta kwantar da maganar ba, sai ma ta hura ta. Aka ce Maharazu ne ya kashe famfon ya tafi, don mata su shiga daji. Aka ce ai ga shi tunda aka karɓe makulli daga hannunsa famfon bai sake ko tari ba. Mai unguwa dattijo ne mai tsoron Allah, ya yi ta danne samari har ya gaji. Daga ƙarshe ya yanke cewa Maharazu ya kwashe iyalinsa ya bar garin kafin Juma'a ta sama, in ba haka ba ya zare hannunsa, 'yan sa-kai su tafi da shi. Kowa kuwa ya san wanda aka tafi da shi da wannan suna ba a cika sake ganinsa ba. Ko ya tashi ma, wane gari ne zai karɓi mutum da sunan infoma a goshinsa?

Ran Alhamis na ɗaura zanena na hau mota. Dandume, Funtua, Sheme, Yargoje, har Kankara, bayana kamar an daka. Can ɗiyata Rukayya take aure. Ta yi karatun kwamfuta, aikinta ke nan, tana rubuta wa na'urori abin da za su yi. Ni ba don wannan na je ba, wallahi ko a raina bai zo ba. Na je ne in roƙi mijinta ya samar wa kawunta ɗaki.

Ta zuba min abinci na kasa ci. Ina ba ta labari ina kuka ina zagi, har na zo kan famfon.

Na ce, "Shegen famfon nan ma kamar da gayya yake yi. Ba ya tashi mutuwa sai na fi buƙatarsa. Kin san wankan jego ba ya yiwuwa da ruwan kofi. Ranar da aka fara kunna shi, ranar Halimatu ta haihu. Ta yi arba'in, muka ƙara kwana goma muna jiran mijinta, ranar da za a mayar da ita ɗakinta ranar famfon ya mutu. Aka gyara ran ɗaya ga wata, Fatima ta haihu ran sha ɗaya, ranar da ta cika arba'in cif, ga baƙi cike da gida, ranar ya sake mutuwa."

Rukayya ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, "Inna, sake faɗa min."

"Mi zan sake? Kunnenki ya toshe ne?"

"Arba'in da goma, hamsin ke nan. Na biyun kuma goma kafin haihuwa, arba'in bayanta. Shi ma hamsin. Kin tabbata da lissafin nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, ni za ki tambaya ko na tabbata? Kowace mai jego da gwangwaninta a ɗakina, kullum safiya sai na jefa mata ƙwarar masara ɗaya. Ban taɓa fitar da mace daga wanka da kwana talatin da tara ba."

Yarinyar nan ta miƙe tsaye har tana ture kwano. Ta ɗauko wayarta ta danna, ta danna, sai ta dafe kai tana cewa, "Allahu Akbar. Inna, Kawu bai taɓa komi ba. Ƙidaya ce ta cika."

Na ce ta yi min Hausa.

Ta zauna a gabana ta kama hannuna. Ta ce irin wannan 'yar na'ura tana da agogo a cikinta, amma ba na awa da minti ba. Daga lokacin da aka ba ta wuta take fara ƙirge, ɗaya, biyu, uku, da sauri, har dubu a cikin sakan guda. A yaren da ake rubuta mata umarni kuwa, kowace lamba da mazubinta, kuma mazubin yana da iyaka. Akwai lambar da ta fi kowace girma da zai iya ɗauka, daga ita babu gaba.

Na ce, "Ƙarya ne. Wace lamba ce ba ta da gaba? Kowace kika faɗa zan ƙara mata ɗaya."

Ta ce, "Ke za ki iya, Inna. Ita ba za ta iya ba. Mudu idan ya cika kika ƙara tsaba, tsabar ce kaɗai ke zuba. Wannan kuwa idan ya cika aka ƙara ɗaya, gaba ɗaya yake kifewa ya koma fanko, ƙidaya ta koma sifili. Ita kuma na'urar ta riga ta ce wa kanta, idan ƙidaya ta kai kaza zan sake ba injin izini. To ƙidaya ta koma baya, sai ta zauna tana jira. Injin bai ji izini ba, sai ya tsaya. Wanda ya rubuta mata umarnin ne bai yi tunanin za a bar ta a kunne har haka ba."

"Nawa ce lambar?"

Ta karanto min: biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da biyar. Na ce ta sake, ta sake. Ta ce in an raba ta da dubu a kowane sakan, tana ba da kwana arba'in da tara da awa sha bakwai da minti biyu. Kowane lokaci aka kunna da rana, sai a wayi gari na hamsin a ga ya mutu.

"Kawu batir yake zarewa ya mayar, ko?"

Na ce ban sani ba, wai sirrin aiki ne.

Ta ce, "Shi ne. Ba wani abu ba ne. Yaushe ya gyara na ƙarshe?"

"Talata, ana kiran la'asar. Ladan yana ɗaga murya shi yana buɗe akwati. A garinmu kuwa ƙarfe huɗu ake kira."

Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, "Laraba mai zuwa, ƙarfe tara da minti biyu na safe, famfon zai mutu. Ko Kawu yana Makka."

Ran Asabar muka iso gida tare. Ban ko cire mayafi ba na ja ta ƙofar mai unguwa, inda maza ke zaune. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, ina neman izinin magana." Ta yi musu bayani tiryan-tiryan kamar yadda ta yi min. Wasu suka yi dariya. Wani ya ce 'yan boko ba su rasa abin faɗa. Nasir bai yi dariya ba. Idonsa ja wur, ya rame, na tausaya masa duk da ina jin kamar in shaƙe shi.

Ya ce, "Kwana arba'in da shida ke nan makulli na hannuna, famfo bai mutu ba. Wannan ya ishe ni shaida."

Rukayya ta ce, "Saura huɗu, Yaya Nasir. Ka bar kwaɗonka a jiki. Ka sa mutanenka su tsare wurin, kada kowa ya matsa, har ni. Babu sabis a nan balle a ce daga nesa aka taɓa. Idan tara da kwata ta yi ran Laraba ruwa yana zuba, ni ce maƙaryaciya."

Nasir ya ce, "Ke ce maƙaryaciya, sai mi? Ki hau mota ki koma Kankara, shi kuma ya sulale kafin nan."

Sai ga murya daga bayanmu. Maharazu ne, ashe ya biyo mu. Sati shida rabonsa da fitowa cikin mutane. Ya ce, "Ba zan sulale ba. Ku kai ni Faskari gidan Jabiru, yayan Nasir, ku sa wanda zai tsare ni. In famfo bai mutu ba, kada ku dawo da ni, ku yi abin da kuka yi niyya."

Na juya na ce, "Kai, ka haukace ne?"

Ya ce, "Yaya, na gaji da zaman ɗaki. 'Ya'yana sun daina fita wasa."

Liman ya sa aka rubuta ranar da lokacin a takarda, ya ninke ya sa a aljihu. Washegari suka ɗora ƙanena a babur suka tafi da shi. Sai a lokacin tsoro ya kama ni sosai, don na ga cewa ran mutum ne na ɗora a kan ƙwayoyin masara da kiran sallar ladan. Kwana ukun nan na zazzage gwangwanayen nan na sake ƙirgawa ban san sau nawa ba.

Ran Laraba tun hantsi bai ɗaga ba gari ya hallara. Ba wanda ya je gona. Rukayya ta sa mata suka cika duk wata jarka da randa da tukunya, don tanki ya yi ƙasa injin ya yi ta aiki. 'Yan sa-kai huɗu suka kewaye akwatin. Ta 'yar tagar gilashi ana hango koren fitilar tana ƙyaftawa, daga sama kuma ana jin ruwa yana faɗawa cikin tanki. Liman ya ɗauko agogon masallaci ya rungume shi a ƙirji.

Tara ta buga. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komi sai zubar ruwan.

Tara da minti biyu. Ruwa na zuba.

Tara da biyar. Na kalli Rukayya, ta ce min a hankali, "Agogon na'ura yakan ɗan kauce, Inna, shi ya sa na ba da rara." Amma na ga leɓenta ya bushe.

Tara da goma, surutu ya fara tashi daga baya. Wata mata da ni na karɓi haihuwarta har sau biyar ta ce, yadda zan ji, "Ai dama." Tara da kwata ta cika, liman ya ɗago kai ya kalle ni da tausayi. Ruwan nan kuwa kamar an aiko shi, sai zuba yake.

Nasir ya ce, "Malam, lokaci ya yi." Ya juya wurin yaransa ya ce a fito masa da babur.

Rukayya ta riƙe ni tana cewa, "Lambar ba ta ƙarya, Inna. In akwai kuskure, a lokacin da aka kunna yake. Kin tabbata huɗu ce?" Na buɗe baki zan zazzage ta, sai idona ya faɗa kan ladan, Malam Gide. Yana can gefe ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, yana ja da baya kaɗan-kaɗan. Nan take ranar ta dawo min. Na tuna na idar da tankaɗe, na leƙa inuwar katanga na ga ta wuce turmi, na ce yau lafiya ba a kira salla ba?

Na ratsa maza, ban san sanda mayafina ya faɗi ba. Na tsaya a gabansa na ce, "Malam Gide, don girman Allah, ranar Talatar da Maharazu ya dawo, ƙarfe nawa ka kira la'asar?"

Ya ce, "Hajiya, ai kullum huɗu ne."

"Ban tambaye ka kullum ba! Ranar nake tambaya. Ran mutum ne a bakinka, ka dube ni ka faɗa."

Ya kalli liman, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Gaskiya ranar mun kwana biyu ba mu runtsa ba saboda abin da ya faru. Na kishingiɗa a gindin ɗinya, barci ya sace ni. Da na farka na shiga masallaci, agogo ya nuna huɗu da minti ashirin."

Liman ya ce, "Haka ne, na tuna. Har na yi maka faɗa."

Rukayya ta ɗaga murya, ban taɓa jin ta yi magana da ƙarfi haka a gaban manya ba. Ta ce, "To tara da ashirin da biyu ke nan! Baba Liman, yanzu nawa?"

"Da sha tara."

Nasir yana kan babur, ya riga ya tayar. Ya ce, "Haka za ku yi ta ƙara mana minti har azahar?"

Na sha gaban babur ɗin na riƙe kansa da hannu biyu. Na ce, "Nasir, ni na yanke maka cibi. Ka fito ba ka numfashi, na yi ta hura maka iska a baki har ka yi kuka, ban ce lokaci ya yi ba. Minti uku nake roƙo. In sun wuce ka bi ta kaina."

Ya kashe babur ɗin.

Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Ashirin. Ashirin da ɗaya. Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ashirin da biyu ta wuce, ban buɗe ido ba. Can sai na ji wani abu ya canza, na rasa ko mene ne. Ashe ƙarar ruwan ce ta ɗauke.

Ɗaya daga cikin masu gadin ya leƙa tagar ya ce, "Fitilar ta daina ƙyaftawa! Wallahi ta tsaya!"

Rana tana tsaka da haskawa, babu ko ɗigon gajimare, kwaɗon Nasir na rataye a inda yake, ƙanena yana can Faskari. Liman ya ce, "Tara da ashirin da uku." Ya ɗaga takardar sama, ya yi kabbara. Gari ya ɗauka gaba ɗaya.

Wani daga baya ya ce, "To wa ya sani ko asiri ne?"

Rukayya ta ce, "Madalla da ka tambaya. Yaya Nasir, makulli na hannunka. Buɗe da kanka, ni ba zan matso ba."

Ya sauko ya buɗe. Daga nesa ta ce masa, "Ka ga jar wayar da ke kan batir? Zare ta. Ƙirga goma. Mayar." Ya yi yadda ta ce, da manyan yatsunsa da ba su saba da irin wannan aiki ba. Fitila ta ƙyafta. Muka ɗaga kai muna sauraro. Sai ga ruwa ya faɗo cikin tanki da ƙarfi, har ƙarfen yana amsawa.

Ta ce, "Gyaran da Kawu yake yi ke nan, babu ƙari. Yanzu ƙidaya ta faro daga ɗaya. In aka bar ta, nan da kwana hamsin za ta sake cika."

Na ce, "Kuma kai ne na ƙarshe da ya taɓa, Nasir. Ranar sai mu taru a ƙofar mai unguwa mu ce kai ne infoma."

Ba wanda ya yi dariya, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Nasir ya daɗe a tsugune gaban akwatin, jar wayar na gabansa. Da ya miƙe hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, ƙato da shi, bai ko share ba. Ya ce, "Inna, da na ɗauki ran bawan Allah a banza."

Na ce, "Da ka ɗauka. Ba ni za ka gaya wa ba, gari za ka gaya wa."

Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, "Ku shaida, Malam Maharazu ba shi da laifi. Ni na fara faɗa, ni na janye. Duk wanda ya sake kiransa da wannan suna, da ni zai yi." Ya hau babur shi kaɗai ya kama hanyar Faskari.

Kafin azahar Rukayya ta tara mata a gindin tanki, ta koya wa mutum shida zare wayar da mayarwa, har da ni. Ta ce kowace Juma'a da safe a yi, ƙidaya ba za ta ƙara kusantar iyakarta ba, kafin ta dawo da kwamfutarta ta sake wa na'urar umarni. Mai unguwa ya ce daga yau makulli uku za a yanka. Matar nan mai "ai dama" ta matso tana kame-kame, wai ita tun farko zuciyarta ba ta yarda ba. Na ce ta ɗauki jarkarta ta ba ni wuri.

Rana ta karkata muka ji ƙarar babur daga yamma. Yara suka ruga, manya suka bi su. Nasir ne a gaba, Maharazu a baya ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ƙura ta yi musu fari fat. Tun daga bakin gari maza suka tare su, kowa yana miƙo hannu biyu, har babur ya kasa tafiya. Mai unguwa da kansa ya kama shi ya sauko da shi. Liman ya hana a ta da salla, ya ce sai Malam Maharazu ya yi alwala. Mutum sama da ɗari suka tsaya suna jiran ƙanena ya wanke ƙafa.

Ni kuwa na dafe hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da ita tun auren Rukayya. Na yi ta farko, na yi ta biyu, a ta uku murya ta sarƙe, mata suka karɓe min.

Da ya idar da alwala bai nufi masallaci ba, sai ya ratso ta cikin mata ya zo gabana, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya durƙusa kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka a Faskari za a binne ni."

Na ce, "Rufe min baki. A nan aka haife ka, a nan za ka tsufa. Tashi, mutane na jiran ka."